Yadda Ake Raba Agwagi da Tsutsar Ciki

Agwagwa tana da juriya, kuma juriyar nan ce ke yaudarar mai kiwo, domin sai hanjinta ya cika da tsutsa amma tana ta yawonta a tsakar gida kamar lafiya lau. Saboda haka kada a tsaya ga kallo, a kama ta a shafa ƙirjinta. Idan ƙashin ƙirji ya fito kamar bakin wuƙa alhali ba ta fasa cin dusa ba, ga zawo yana ɓata mata gashin gindi, ƙwai kuma ya ragu, to a zargi tsutsa. Ƙananan 'ya'ya sun fi jin jiki, domin girmansu ne ke tsayawa cak.

Ranar da aka yanka ɗaya, kada a yi saurin zubar da kayan ciki. A tsaga hanji a tsaye: macijin ciki fari ne kamar taliya, tsila kuwa faffaɗa ce mai gaɓa-gaɓa. A ɓare fatar nan mai ruwan ɗorawa ta cikin ƙundu, domin akwai wasu siraran tsutsotsi da ke ɓuya a ƙarƙashinta suna cinye ta.

Galibin matsalar daga ruwa take. A Sakkwato, daga Yuni zuwa Satumba, kududdufai kan cika, agwagi kuma su wuni a cikinsu ko a fadamun gulbin Rima suna tsintar katantanwa da ƙananan halittun ruwa waɗanda ke ɗauke da 'ya'yan tsutsa. Zafin Afrilu yakan ƙone ƙwan tsutsa a busasshiyar ƙasa, amma danshin da ke gindin kaskon ruwa da bakin kwata ba ya bushewa, kuma nan ne ƙwan da ya fita cikin kashi ke nuna cikin kamar mako 2 ya sake komawa baki. A riƙa sauya wa kasko wuri, a wanke shi kullum, a share akurki a bar rana ta shiga.

Kafin a sayi magani, a ɗebi sabon kashin safe a leda a kai wa likitan dabbobi, ko asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, a duba irin tsutsar. A ganina wannan ya fi araha, domin piperazine da mutane suka saba saye macijin ciki kaɗai yake fitarwa. Levamisole da fenbendazole sun fi shi faɗin aiki, tsila kuwa praziquantel ne maganinta, sannan zawo mai jini a ƙananan 'ya'ya yana iya zama na wasu ƙwayoyin cuta dabam, waɗanda amprolium ne maganinsu.

Idan a ruwa za a zuba maganin, a janye ruwa da abinci duka biyu da dare, domin agwagwa ba ta haɗiye dusa sai da ruwa. Da asuba a ba su a mazubi mai ƙaramin baki wanda ba za su shiga wanka ciki ba, in ba haka ba rabin maganin a ƙasa zai ƙare. A maimaita bayan mako 2 zuwa 3, kuma kada a ci nama ko ƙwai sai kwanakin da aka rubuta a jikin maganin sun cika. Duk agwagwar da aka sayo a kasuwa a keɓe ta mako 2, a ba ta magani, sannan a haɗa ta da na gida.