Yadda za ka fara tara kan sarki na yau da kullum

Kan sarki na yau da kullum shi ne wanda gidan waya ke ta sake bugawa shekara da shekaru. Sake bugun ne ke kawo bambanci, nan kuma daɗin harkar yake.

1. Nemi tsofaffin ambulan a akwatunan iyaye da kakanni. A Bauchi, fara da jerin 1973, shekarar da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. Na kwabo 10 yana ɗauke da hoton namun dajin Yankari.

2. Yanke takardar da almakashi, ka bar ɗan fili kewaye da kan sarkin. Idan hatimin gidan waya ya fito sarai da sunan gari da kwanan wata, bar ambulan ɗin yadda yake, ya fi daraja a haka.

3. Jiƙa a ruwa mai ɗumi-ɗumi har kan sarkin ya saki takardar da kansa. Kada ka ɓamɓare! Ambulan mai launi kuwa, jiƙa shi daban, don yana zuba.

4. Shanya a inuwa, sannan ka danne da littafi ya kwana.

5. Jera masu hoto ɗaya gefe da gefe. Duba kaurin launi, da ƙaramin rubutun maɗaba'a a ƙasa, ka ƙirga haƙoran gefe cikin santimita 2. Ɗaga shi a haske ko akwai tambarin ruwa, wato alamar da ke ɓoye cikin jikin takardar. Wasu na da shi, wasu babu.

6. Adana a kundi, ban da gam, nesa da danshin damina da gara.