Littafin awon jinin gidanmu: yadda nake bin sawun hawan jini a ƙauye

Littafi ne mai falle arba'in, irin na 'yan firamare, na saye shi a kasuwar Tudun Wada. Mutum goma sha ɗaya ne a cikinsa, kowa da shafinsa: Inna, baffannina biyu da matansu, da yayyena da ke zaune a ƙauyenmu ta hanyar Soba. Ni malamin makaranta ne, ko allura ban iya ba. Abin da ya sa na fara shi ne ranar da Baffa ƙarami ya faɗi bayan sallar Asuba, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da muka kawo shi asibiti a Zariya, likita ya tambaye mu yaushe jininsa ya fara hawa. Muka yi ta kallon juna. Mutumin da ke noma buhu talatin na masara, wa zai ce a auna shi?

Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce, ita ta ba ni labarin Koriya ta Kudu. A shekarar 2001 zuwa 2002 masu bincike a can suka ɗebi mutum 10,030 'yan shekara 40 zuwa 69, rabinsu daga birnin Ansan, rabi daga Ansong, yankin manoma. Duk bayan shekara biyu sai a sake kiran mutanen nan dai a auna su. Ƙirga masu hawan jini a rana guda abu ne mai sauƙi. Su abin da suke nema shi ne, cikin waɗanda aka samu lafiya lau a zuwan farko, nawa ne ciwon ya kama kafin zuwa na gaba, kuma su wane ne. Irin wannan bibiya ta nuna cewa wanda lambar sama ta awonsa ke yawo tsakanin 130 da 139 ya fi wanda ke ƙasa da 120 saurin tsallakawa, kuma shekaru da ƙiba suna ƙara tura mutum. Na ce mata, to ai mu ma muna zuwa gida Sallah ƙarama da Sallah babba, sau biyu ke nan a shekara. Mun ma fi su yawan zuwa.

Abin awon da za ka saya shi ne mai batir wanda ake ɗaurawa a damtse. Na wuyan hannu ya fi araha kuma ya fi kyan gani, amma da hannu ya ɗan karkace sai lamba ta canja. Ana samun su a manyan kemis na Sabon Gari. Kafin ka biya, duba maɗaurin. Idan ya yi wa mai kauri kaɗan, awo zai fito sama da gaskiya, ka tayar wa baiwar Allah hankali a banza. Matar Baffa babba sai da na nemo mata babban maɗauri daban. In ka saya, kai shi asibiti sau ɗaya a gwada shi da nasu a hannunka. Ka kuma riƙa tafiya da sabon batir.

Wurin zama shi ne inda na fi shan wahala. A ƙauye tabarma ake shimfiɗa wa baƙo, awo kuwa yana son kujera mai majingina. Mutum ya zauna, bayansa a jingine, tafin ƙafafunsa biyu a ƙasa, kada ya harɗe su. Hannu a ɗora kan tebur daidai ƙirji. Mu ba mu da tebur, turmi muke kifewa mu ɗora matashi a kai. A naɗe hannun riga, in kuwa ya matse damtse gara a cire rigar. Maɗaurin ya zauna kamar yatsa biyu sama da gwiwar hannu. Wanda fitsari ya matsa ya je ya zagaya tukuna.

Sai a yi shiru na minti biyar. Wannan shirun, wallahi, ya fi sayen na'urar wuya. Inna ba ta faɗin sunana, da yake ni ne ɗan fari a maza, sai dai ta ce, "Kai wannan yaron, yanzu mutum ya zo gaisuwa in yi masa gum?" Nakan ce, "Inna, ki yi haƙuri, ki ja carbi a zuci." Magana tana ɗaga awo, haka ma dariya da faɗa da jikoki. Shi ya sa na koma auna ta da sassafe kafin gida ya cika.

Goro ma sai an kiyaye. Sinadarin da ke hana barci a kofi yana cikin goro, don haka rabin awa kafin awo babu goro, babu shayi mai kauri, babu sigari ko tabar hanci, kuma ba wanda ya dawo daga gona ko ya sauko daga keke yanzun nan ba. Baffa babba ya taɓa ɓoye ɓarin goro a kumatu, sai da na ga bakin yana motsi.

Ka auna sau biyu, tsakaninsu minti ɗaya, ka rubuta duka biyun da kwanan wata da lokaci. Lambobi uku na'urar ke nunawa: ta sama, ta ƙasa, sai bugun zuciya. Ranar farko ka gwada hannu biyu, wanda ya fi hawa shi za ka riƙa aunawa daga nan. A gefen shafi nakan rubuta abin da ke faruwa: azumi, zazzaɓi, rasuwa, ko maganin ciwon jiki. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, don manoma suna shan diclofenac da ibuprofen kamar gyaɗa, su kuwa suna iya ɗaga jini, su taɓa ƙoda.

Yadda ake karantawa ba wuya. Ƙasa da 120 bisa 80 lafiya lau. Daga 130 zuwa 139 a sama, ko 80 zuwa 89 a ƙasa, mutum yana bakin kogi, likitocin Koriya ma suna da sunan da suke kiran wannan matakin, wato share fagen hawan jini. Idan an samu 140 bisa 90 ko fiye a ranaku biyu daban, a asibiti sunansa hawan jini. A gida kuwa, da yake hankali ya fi kwanciya, 135 bisa 85 ake ɗauka. Wanda na ga ya kai nan, nakan bar na'urar a hannun ɗan yayata mai sakandare, ya auna shi safe da yamma har kwana bakwai. Mu jefar da na ranar farko, mu kai sauran wa likita. Amma idan ka ga 180 bisa 120, musamman da ciwon kai mai tsanani, ko ciwon ƙirji, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, rufe littafin ka nemo mota. Mai juna biyu kuwa da ta taɓa 140 bisa 90, ranar za a kai ta.

Shafin babbar yayata shi ya nuna mini amfanin abin. Sallar farko 124. Shekara ta zagayo 129, sai 133, sai 138. Kowace lamba ita kaɗai ba abin tsoro ba ce, kowane mai kemis zai ce mata ta tafi abinta. Sai an jera su ake ganin tsani. Ita kuwa ko ciwon kai ba ta yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa mutum biliyan 1.28 'yan shekara 30 zuwa 79 suna da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su sani ba.

Da na zaunar da ita, tukunya muka fara dubawa. Hukumar ta ce gishirin babban mutum a yini kada ya kai giram 5, ƙaramin cokali guda ke nan, har da wanda ke cikin dunƙule. Miyar kukar Yaya dunƙule huɗu take ci, ga gishiri, ga kanwa, ga yajin da shi ma an daka shi da dunƙule. Mutane ba sa lissafa kanwa, alhali danginsu ɗaya da gishiri a wajen jini. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) suka rubuta yadda ciwon zuciya ke yawan kama masu jego a ƙasar Zazzau, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya kan gadon wuta. Mutanen Koriya su ma ma'abota gishiri ne, da kabejinsu mai tsami da suke kira kimci da miyar waken suya. Wajen 2010 abin da suke ci ya ninka ƙa'ida fiye da sau biyu, suka sa himma suka rage kusan kashi ɗaya cikin uku a shekara goma. Yaya ta ce ita ba ruwanta da Koriya, maigidanta ne zai ture kwano. Muka yi sulhu: a rage dunƙule ɗaya duk bayan sati biyu, a ƙara daddawa da citta da tafarnuwa. Har yau bai ce komai ba.

Wanda likita ya ɗora kan magani, amlodipine ne ko wani, shafinsa na ci gaba. Matsalar da nake samu ita ce da awo ya sauka sai a ce an warke, a ajiye magani a koma zoɓo da ganyen zogale. A sha zoɓon, ba laifi, amma maganin ne ya saukar da lambar, in an daina za ta koma inda take. Shi ya sa nake ƙirga ƙwayoyin da suka rage a kati in rubuta kusa da awon. Sallar da ta wuce na samu kati biyu cur a ƙarƙashin katifar Baffa babba, ya ce ajiya yake yi saboda damina, kada hanya ta yanke. Bana na ƙara shafi na goma sha biyu, don matata ta lura cewa mai littafin ba ya ciki. Awona na farko 134 bisa 86.