Yadda na gyara saƙonnin da ba sa zuwa kwamfuta

Wallahi abin nan sati biyu yana damuna. Sabar Prosody, wato manhajar da ke karɓa da rarraba saƙonnin hira, na ɗora mana a shagonmu na Ƙofar Ƙaura, amma in Yaya ya turo lissafin kaya da dare sai ya shiga wayata kawai, da safe in na buɗe manhajar hira ta Gajim a kwamfuta wayam babu komai. Ashe carbons, ɓangaren Prosody da ke kwafe saƙo zuwa sauran na'urorin mutum, yana kunne amma shi na'urar da ke kan layi kaɗai yake rabawa, wani ɓangaren mai suna mam ne ke ajiye saƙo a saba har kwamfuta ta dawo, kuma ban kunna shi ba. Na shiga fayil ɗin saiti, prosody.cfg.lua, na cire alamar -- ɗin gaban mam da ke hana shi aiki, na ƙara archive_expires_after, wato tsawon lokacin ajiye saƙo, don asali sati ɗaya ne, na sake tayar da saba. Washegari lissafin Yaya na nan duka biyun, alhamdulillah.