Abokin fada da ɗakin haya: ga 'yan Damagaram sababbin zuwa Faransa

Ƙannena, sannunku da hanya. Rigar sanyi, katin jirgin ƙasa, layin waya, duk cikin sati guda za ku gane kansu. Bizar dogon zama kuma ku tabbatar da ita ta intanet kafin wata 3 ya cika. Abin da ke ci min rai daban ne: abota ce nake gani tana lalacewa a hannunku.

A Zinder ba wanda ya taɓa shan wahalar riƙe aboki. Daga Birni ko Zango, kabu-kabu ya sauke ka a fada, wato wurin hirar abokai, shayi na kan gawayi, wanda bai zo ba a tura yaro ya dubo lafiya. Unguwa ce ke riƙe muku zumuncin ba ku sani ba. A nan kana Paris shi yana Liyon, ko kuna gari ɗaya amma sai ka sauya jirgi biyu. Ya fita da duhu, ya dawo da duhu. Bai ɗaga waya ba sai ka ce ya zama Nasara. Haba! Gajiya ce.

Inda ɓarnar ta fi yawa kuwa wajen masauki ne. Mai gida zai nemi takardun albashi na wata 3, yawanci yana son albashin ya ninka haya sau 3, ga mai tsaya maka, ga kuɗin ajiya: hayar wata 1 in ɗakin fanko ne, har wata 2 in da kaya a ciki. Sabon zuwa ba shi da ko ɗaya. Sai ya sauka wajen abokin fada, a ɗakin da wani lokaci bai fi murabba'in mita 9 ba, katifa a ƙasa, akwati a bakin ƙofa. Abokin nan shi zai rubuta takardar cewa kana zaune gidansa, ya haɗa da katin shaidarsa da takardar kuɗin wuta, da ita za ka buɗe asusun banki. Sunansa ya jingina saboda kai, kuma mai gidansa na iya tayar masa da hankali. Kai kuwa kana hira da mutanen Sabon Gari, waya a buɗe, ƙarfe ɗaya na dare, shi da asuba zai tashi.

Na san wasu biyu da tun lakkol ba a ganin ɗaya ba ɗaya. Wata huɗu suka yi a ɗaki guda. Yau in sun haɗu a masallacin Juma'a, musabaha ce kawai kowa ya kama gabansa. Kuɗin wuta ne da kwanukan da ba a wanke ba suka raba su. Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum. Don Allah ranar da ka sauka ka faɗi ranar tashi, ka sa hannu a cefane tun ba a tambaye ka ba. In shekarunka ba su wuce 30 ba, nemi Visale, wani tsari ne da ke tsaya wa mai haya kyauta a gaban mai gida.

Na gida kuma kada ka yi musu shiru. Na san dalilin: takarda ba ta fito ba, kunya ta kama ka, ko kana gudun "a taimaka mana da na sallah". Su lissafinsu yuro 100 jikka 65 ce ta sefa da ɗoriya, ba su ga hayarka ba. Faɗa musu gaskiya sau ɗaya, abokin kirki zai gane. In an yi rasuwa kira da bakinka, hoton addu'a a WhatsApp ba ta'aziyya ba ce. Agogonmu da nasu ɗaya ne lokacin sanyi, da zafi awa ɗaya ce tsakani, to ina uzuri?

Mu 'yan Damagaram ba mu barin namu a ƙasa, in suna ne ko rashin lafiya ko kai gawa gida, karo-karo muke yi har abin ya yiwu. Amma sai an san fuskarka. Ka zo taro tun ba ka da matsala, ka ba da lambarka, ka biya naka kason.