Yadda Ake Yi wa Mashin Ƙananan Barade Murɗaɗɗen Zane

Masu koyon fentin ƙananan mutum-mutumin baraden Turai, irin masu tsayin milimita 28 da Perry Miniatures ko Games Workshop ke ƙerawa a Ingila, galibi a kan mashi gwiwarsu take yin sanyi. Sulke ya yi kyau, doki ya fito, sai a zo kan zanen nan mai nannaɗe mashi daga gindi zuwa tsini, ya fito nan faɗi can siriri, ja ya malale cikin rawaya. Na ga haka a hannun mutane da yawa, kuma kusan kullum dalilin ɗaya ne: gaggawa wajen ɗaura tef ɗin da ke rufe inda ba a so fenti ya taɓa.

Kada ka manna mashin a hannun barden tukuna. Ware shi, ka kafa gindinsa a toshiyar kwalba don ka riƙa juya shi da yatsu. Wanda ya manna kafin fenti zai yi ta kokawa da kan doki da garkuwa.

Shafa farin fentin shimfiɗa, sannan launi mai haske, wato rawaya ko fari, a dukan mashin. Mai duhu yana rufe mai haske cikin sauƙi, amma rawaya a kan ja sai ka shafa sau biyar bai rufe ba. A tsarin tambarin baraden Turai, rawaya tana wakiltar zinariya, fari azurfa, kuma ba a ɗora ɗaya a kan ɗaya. Don haka haɗa rawaya da ja, ko fari da shuɗi, ko fari da baƙi. Ni ban yarda da launi uku a mashi ɗaya ba, ido yana rikicewa. Bar launin mai hasken ya kwana. Ya kwana fa, ba wai ka taɓa da yatsa ka ce ya bushe ba.

Tef ɗin kamfanin Tamiya fari mai faɗin milimita 2, wanda aka yi don lanƙwasa, shi ya fi, domin yana miƙewa ya bi jikin mashi. Idan kuɗinsa ya yi maka yawa, manna tef ɗin takarda na masu fenti a kan gilashi, ka yanka siraran zare da sabuwar reza da rula ta ƙarfe. Salatif na kanti kuwa kada ka kusance shi, da fentin zai tashi. Kafin ka ɗaura, manna shi a rigarka sau biyu don danƙonsa ya ragu.

Yanki zare biyu masu faɗi ɗaya. Fara daga gindi, kusa da makarin hannu, ka ɗora su gefe da gefe a ɗan karkace, suna taɓa juna. Hannun da ke riƙe da tef ya tsaya cak, toshiyar za ka riƙa juyawa. Ka ci gaba da naɗe su tare har tsini, kowane zagaye yana jingine da na baya, ba tare da wani fili ba. Sai ka cire zare ɗaya. Gurbin da ya bari daidai yake da faɗin wanda ya rage, ba sai ka auna komai ba. Mashi yana sirancewa wajen tsini, don haka tef zai so ya tattare a can. Ja shi kaɗan, ka danne gefunansa da tsinken sakace.

A nan ne na taɓa ɓata mashi goma sha biyu a dare ɗaya. Na ɗaura tef da kyau, na tsoma buroshi cikin ja mai ruwa-ruwa, na shafa. Da na kwance, ja ya bi ƙarƙashin tef ko'ina kamar jijiyoyin ganye, dole na kankare duka na sake. Maganin da na koya daga baya mai sauƙi ne: kafin ja, sake shafa rawayar nan siririya a kan gefunan tef. Duk kafar da fenti zai kutsa, rawaya ce za ta shiga ta toshe, kuma rawaya a kan rawaya ba ta nunawa. Ba ta minti ashirin ta bushe. Sannan ka ɗauko ja, ka share buroshin a takarda har ya kusa bushewa, ka shafa daga kan tef zuwa cikin gurbi, kada ka tura gashin buroshi ƙarƙashin gefe. Shafa siriri sau biyu ya fi mai kauri sau ɗaya. Fentin Vallejo ko Citadel duk suna yi, digon ruwa ɗaya ya isa.

Kwance tef ɗin a hankali tun ja bai gama ƙafewa ba, in ya ƙafe sosai gefen zai fashe. Inda ya ɗan kauce, gyara da siririn buroshi mai lamba 0.

Idan runduna guda kake yi, duk zanen ya murɗa ta fuska ɗaya, in ba haka ba za ka gani da zarar ka jera su. Yi wa tsini launin ƙarfe, ka fesa banish marar sheƙi, washegari ka manna mashin a hannun barde.