Yadda ake gina waƙar glosa bisa tafarkin P. K. Page

Duk wanda ya tashi a Garwa, Marwa ko Ngaundare yana jin ana rera Ishiriniya a watan Mauludi ya riga ya san tahamisi, inda mawaƙi yake ɗaukar baitin wani ya ƙara masa ɗango uku har ya cika biyar. Wannan sani zai sauƙaƙa masa koyon glosa, tsohon salon waƙa na ƙasar Sifen wanda marubuciyar waƙa Patricia Kathleen Page ta farfaɗo da shi a Kanada da littafinta Hologram na 1994.

An haifi Page a Ingila a 1916, ta girma a lardin Alberta na Kanada, ta sami kyautar Gwamna-Janar ta waƙa da littafinta na 1954, kuma ta rasu a birnin Victoria a 2010. Lokacin da mijinta Arthur Irwin yake jakadan Kanada a Brazil, tsakanin 1957 da 1959, waƙa ta ƙi zo mata, sai ta rungumi zane tana sa hannu da sunan P. K. Irwin. Da ta dawo ga waƙa, da idon mai zane ta dawo, kuma wannan ido ne nake ganin ya fi cancanta a koya daga wurinta.

Da farko ka zaɓi ɗango huɗu a jere daga waƙar wani mawaƙi da kake girmamawa, ka rubuta su a saman takarda tare da sunan mai su, domin aro ne a bainar jama'a. Ka guji ɗangon da ma'anarsa ba ta cika sai an jingina shi da na bayansa. Daga nan sai ka tsara baiti huɗu, kowanne mai ɗango goma: tara naka ne, na goma kuwa ɗaya ne daga cikin waɗanda ka ara, bi da bi. Ɗango na shida da na tara su yi amsa-amo da na goma. Idan da Hausa kake rubutawa, ka riƙe karin mai waƙar tun daga ɗangon farko, domin kunnen Bahaushe ba ya yafe karyewar kari.

Inda aikin yake da wuya shi ne ɗangogin nan tara. Yawancin masu koyo sukan mai da su sharhi, suna fassara abin da mai waƙar ya riga ya faɗa, alhali abin da ake bukata shi ne ka bi taka hanyar har ta kai ka ƙofarsa. A waƙarta "Planet Earth", wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta zaɓa aka karanta a 2001, Page ta ari ɗango huɗu na Pablo Neruda, mawaƙin ƙasar Chile, a kan gugar tufafi, sannan ta kalli duniya da idon mai wanki da guga, tana ambaton abubuwan da hannu yake taɓawa. Kai ma idan ɗangon da ka ara yana maganar haƙuri, kada ka yi wa'azi a kansa. Ka sauka bakin Binuwai da rani, ka zauna kusa da masunci yana ɗinke komarsa, ka lura da yadda yake maƙale zaren a babban yatsan ƙafa, da sawun kwalekwale a kan yashi. Ka zana abin da ka gani da fensir ko da hannunka bai iya ba, domin zane yana tilasta wa ido ya daɗe a kan abu, sannan ka rubuta.

Bayan ka kammala, ka rufe sunan mai waƙar ka rera ta ga wanda bai san tushenta ba, ka tambaye shi waɗanne ɗangogi ne ba naka ba. Idan nan take ya nuna na goma, to, ka koma ka gyara na takwas da na tara, domin a nan ɗinkin yake fitowa fili.