Yadda ake kallon launi a zanen cikin ɗaki

Daga ƙarshen ƙarni na 19, wasu masu zanen fenti a Turai suka rage zana sarakuna da yaƙe-yaƙe, suka koma zana ɗakin kwana da teburin cin abinci da taga. Mai kallo na iya cewa ai kujera ce kawai da gado, ya wuce. Amma a irin wannan zane launi ne ke gina ɗakin, shi ke faɗa maka ko akwai natsuwa a ciki ko ƙunci. Ga yadda za ka bi ka gan shi.

Da farko, ka ba zanen lokaci, ko da minti biyar ne, kuma kada ka fara da karanta sunansa. Ja baya kaɗan, ka ɗan runtse ido har kayan ɗakin su daina fitowa sosai. Abin da ya rage shi ne launin da ke mulkin zanen. Gwada wannan da zanen Henri Matisse na 1908, na ɗakin cin abinci mai ja, wanda ke gidan adana zane na Hermitage a Rasha. Bango ja, shimfiɗar tebur ja, kuma adon reshe da furanni mai shuɗi ya taso daga kan tebur ya hau bango bai tsaya ba. Wani siririn layi ne kaɗai ke nuna inda tebur ya ƙare. Da shuɗi Matisse ya gama zanen tun farko, wani attajiri ɗan Rasha mai suna Sergei Shchukin ya saya a haka, sai mai zanen ya shafe shi da ja kafin ya aika. Matar da ke jera kayan marmari tana nan, kujeru suna nan, amma ɗakin ya zama wani daban.

Sannan ka nemi launin da ke tsaye kusa da babban launin, domin launi ba ya aiki shi kaɗai. Masanin sinadarai na Faransa, Michel-Eugène Chevreul, ya bayyana a 1839 cewa launuka biyu da suka haɗa iyaka suna sauya yadda ido ke ganin kowannensu. Ja kusa da kore yana ƙara zafi, haka shuɗi kusa da ruwan lemo, da rawaya kusa da shunayya. A zanen nan na Matisse akwai taga a gefen hagu mai nuna koren lambu. Sa tafin hannunka ka kare tagar, za ka ga jan ya yi nauyi, ɗakin ya toshe. Ɗauke hannun, iska ta dawo. Wannan ɗan gwaji na kare wani sashe da hannu, a ganina, ya fi dogon bayani koyarwa.

Bayan haka ka tambayi kanka: daga ina haske ke shigowa, kuma ina inuwa? Sau da yawa babu ita. Vincent van Gogh ya zana ɗakin kwanansa a garin Arles na Faransa a watan Oktoba na 1888, ya kuma rubuta wa ƙanensa Theo cewa ya cire inuwa da gangan, yana so launi kaɗai ya sa mai kallo tunanin hutu da barci. Gado da kujeru rawaya, bargo ja jawur, taga kore.

Yanzu matso kusa, ka bi gefunan abubuwa da ido. A zanen da Matisse ya yi na ɗakin aikinsa a 1911, wanda ke gidan zane na MoMA a Amurka, ya fara yi wa bango shuɗi, ƙasa ruwan hoda, kayan ɗaki ruwan ƙasa mai haske, daga baya ya lulluɓe kusan komai da ja. Layukan da ke fitar da tebur da kujera da wani dogon agogo marar hannu ba zana su aka yi a kan jan ba. 'Yan tsagi ne da buroshi ya tsallake, fentin ƙasa ke leƙowa ta ciki. Wanda ya tsaya daga nesa ba zai taɓa lura ba.

Sai a nan za ka nemi mutane, kuma kada ka zata a tsakiya za ka same su. Édouard Vuillard ya tashi a gidan mahaifiyarsa mai sana'ar ɗinki, cikin yadudduka masu ado. A wani zanensa na 1893, uwar tana zaune daram cikin baƙar riga, 'yar'uwarsa kuwa ta sunkuya jikin bango, adon rigarta ya kusa narkewa cikin adon takardar bangon. Ba a rubuta komai ba, amma ka san wa ke da gidan. Abokinsa Pierre Bonnard yakan ajiye matarsa Marthe a can gefe, ko bakin taga, da launi kusan ɗaya da na wurin, sai ka daɗe kana kallo kafin ta bayyana. Bonnard ba ya zana abu yana kallonsa. Yakan yi 'yan zane-zane a takarda, sannan ya kafa ƙyalle a bango ya yi fentin daga abin da ya tuna, shi ya sa launukansa suka fi na ɗakin gaske ɗumi.

Kada kuma ka raina zane mai ƙarancin launi. Vilhelm Hammershøi na ƙasar Denmak ya yi ta zana ɗakunan gidansa da toka-toka da fari, ƙofofi a buɗe, mace ta juya baya. Ƙirga kalar toka nawa ke bango ɗaya: wata ta karkata ga kore, wata ga rawaya.

Abu ɗaya da za ka riƙe idan a waya ko kwamfuta kake kallo: allo yana sauya launi, don haka ka ɗauko hoton daga shafin gidan da ke ajiye da zanen. Shi kansa fentin yana sauyawa da shekaru. Bangon ɗakin Van Gogh da muke gani shuɗi a yau shunayya ne mai haske a asali, jan da ke cikin haɗin ne ya koɗe. Idan kana kallonsa, ka mayar da shunayyar a ranka, ka ajiye ta kusa da rawayar gadon, domin haɗin da ya nufa ke nan.